Gishiri a Ƙahon Ɗan'azumi

Malama Hafiza, ma'aikaciyar lafiyar garin, ta riga ta zuƙo ruwan gishirin a sirinji, tana ɗan ƙyasta shi da yatsa don iska ta fita, Indo kuwa tana ta fama da ɗankwalin 'yarta. Ɗaurin ba nata ba ne. Wanda ya yi shi ya ƙulle shi sau biyu a ƙeya, ƙulli irin na bakin buhu, har sai da ta sa haƙori. Rumaisa na zaune a kan bencin ɗan asibitin Likoro, ƙafafunta na reto, kuma tun da uwar ta biya ta ɗauko ta daga gidan kakanta da safen nan ba ta ce uffan ba, yarinyar da ko a barci ba ta rasa abin faɗa.

Ɗankwalin na zamewa Indo ta ga wurin ya sauya. Jiya da ta bar kumburin yana tsaye cur a gefen hagu na kan yarinyar, ya kai babban mangwaro, yana sheƙi ta cikin gashi. Yanzu ya saki, ya langaɓe wajen kunne. A tsakiyarsa an buɗe gashin an shafa wani baƙin gari da ya bushe ya yi ɓawo. Hafiza ta ajiye sirinjin, ta jiƙa auduga ta goge a hankali. Sai ga tsaga uku, ƙanana, a jere, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ta ɗan danna gefe da yatsa, ruwa garau ya tsattso daga ta tsakiya ya gangara bayan kunnen yarinyar.

Hafiza ta tambayi wanda ya taɓa wurin. Indo kuwa ta riga ta gane hannun. Rabin mutanen garin nan suna yawo da irin wannan tsagar a gadon bayansu, ita kanta tana da ita a ƙeya tun tana budurwa. Duk ƙasar Kudan babu wanzamin da ke jera tsagar ƙaho da kyau haka sai Malam Ɗan'azumi, mahaifinta.

Shekara shida ke nan da Rumaisa, tana 'yar shekara uku, ta bi ubanta Gambo wurin dafa mazarƙwaila, ta yi tuntuɓe kusa da kasko, ruwan raken da ke tafasa ya fantsamo mata a ka. Ta rayu, amma gefen dama na kanta, daga goshi har tsakar ka, ya zama tabo mai santsi, ko sili ɗaya ba ya fitowa. Indo kuwa kitso ne sana'arta. Ta kitse 'ya'yan kowa a unguwa, ana aiko mata daga garuruwa ta je ta kitse amare, tata 'yar kuma sai dai ɗankwali, a gida, a makaranta, har wurin kwanciya. Duk jajiberin Sallah Rumaisa kan zauna kusa da ita tana miƙa mata tsinke da man kitso, tana kallon kawunan ƙawayenta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma rashin ƙorafin ne ya fi cin ran Indo.

Da farkon damina Hafiza ta haɗa su da Likita Farida, mai gyaran ƙuna a wani babban asibiti a Zariya. Likitar ta yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane. Ta ce fata tana miƙewa idan aka bi ta a hankali, duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san wannan. Za a yi aiki a cusa wata jakar roba mai kama da balan-balan a ƙarƙashin fatar da ke da gashi, kowane mako a ɗura mata ruwan gishiri kaɗan, fatar ta riƙa faɗi da gashinta a kai. Idan ta isa sai a cire jakar, a yanke tabon, a jawo sabuwar fatar a rufe wurin. Ta ce a wasu ƙasashe an fara yin jakar da ke shan ruwan jiki ta kumbura da kanta, da wadda uwa ke danna wani maɓalli a gida, amma ba su iso nan ba tukuna. Abin da ita take bincike a kai shi ne ko za a iya yin ɗurin a ƙananan asibitocin ƙauye, a riƙa turo mata hoto ta waya, maimakon mutum ya yi ta zaryar birni har ya gaji ya watsar. Rumaisa ce yarinya ta goma sha huɗu a takardarta.

Doka ɗaya ta kafa, cewa kada a taɓa wurin. Ba shafe-shafe, ba gasawa da ruwan zafi, kada a matsa. Gambo yana wurin, ya gyaɗa kai har hularsa ta karkace. Malam Ɗan'azumi ma yana wurin cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Shi ne ya roƙi a ba shi jakar da ake nuna wa mutane, ya juya ta, ya latsa ta, ya ce lallai wanda ya ƙera wannan ya san fata. Likitar ta yi dariya ta kira shi abokin aiki, kuma sai da ya yi wata guda yana ba da wannan labarin ga duk wanda ya zo aski, mai so da marar so.

Bayan an yi aikin an saka jakar, Alhamis goma sha ɗaya Indo ta yi tana kawo yarinyar wurin Hafiza. Ta jure kallon mutane, ta jure masu cewa iska ce, da masu cewa likitoci na gwaji da 'yarta. Ta koya wa Rumaisa kwanciya a gefe guda. Ta riƙa wanke gashin da tafin hannu, tana ganin yadda yake bazuwa a kan kumburin, har ta tsara a ranta irin shukun da za ta fara yi mata. Yau ne ɗurin ƙarshe, ran Litinin kuma a shiga tiyata.

Hafiza ta durƙusa gaban yarinyar tana lallashi. Rumaisa ta kalli uwarta ta sunkuyar da kai. Sai da Indo ta rantse ba za ta dake ta ba sannan ta buɗe baki. Ta ce jiya ne bayan la'asar. Kanta na ciwo, Abba ya duba ya ce wurin ya yi duhu, ya je zaure ya yi magana da Kaka. Kaka ya ce mataccen jini ne ya taru. Abba ne ya riƙe mata kai a cinyarsa. Da aka gama suka ce kada ta gaya wa Umma, don Umma tsoro ne da ita.

Indo ta zauna a ƙarshen bencin. Jiya kitson amarya aka kira ta a Gubuchi, ta ce ba za ta ba, saura kwana biyar a yi aiki. Gambo ne ya matsa. Ya ce ta je, ta ma kwana, me zai sami yarinya a gidan kakanta, gidan da aka haifi uwarta? Har bakin mota ya kai ta a mashin, abin da ya yi shekaru bai yi ba, ita kuma ta tafi tana jin daɗi a ranta, wai mijinta ya fara tausayinta.

Hafiza ta auna zafin jikin yarinyar ta ɓata fuska. Ta ɗauki hoton tsagar ta tura wa Likita Farida, ba a yi minti biyar ba wayarta ta yi ƙara. Indo na jin muryar likitar ta cikin wayar, ba faɗa, ba tambaya mai yawa. Kada yarinyar ta ci komai, kada ta sha komai, a rufe wurin da bandeji mai tsabta, su taho yanzu.

Katin asibitin yana ɗakinta, hanyar gidanta kuma ta ƙofar gidan mahaifinta ta bi. Ta bar Rumaisa wurin Hafiza ta tafi da sauri, tana tsallake kwatamin ruwan saman jiya. Da safe da ta biya ba ta same shi ba, yanzu kuwa ta iske shi a zaure, zabirarsa a buɗe a gefe, yana yi wa Bobbo makiyayi aski. Ta cire takalmi ta durƙusa. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Gubuchi, da amarya, da iyayen amarya, ko an yi ruwa a can, ko masara ta nuna. Ta amsa duka ɗaya bayan ɗaya, kanta a ƙasa, zuciyarta na tafarfasa. Ko gidanka ke ci da wuta, gaisuwar uba sai ta kai inda take kaiwa.

"Baba, kan Rumaisa yana yoyo," ta ce da gaisuwar ta ƙare.

Bai ɗaga askar ba. Ya ce fata kawai ya taɓa, sama-sama. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, hannunsa ya san kaurin fatar kan mutum kamar yadda ita ta san silin gashi, bai taɓa zarce inda ya nufa ba. Likitoci sun san na ciki, shi kuma ya san na waje. Ba zai zauna amaryarsa na nishi da ciwon kai ba, alhali maganin yana cikin zabirarsa. Amarya yake kiran jikar tasa tun ranar da aka haife ta.

"Kana wurin likita ta ce kada a taɓa."

"Ban kai ga jakarta ba, Indo. Ɗan ruwan ciwo ne, zai tsaya."

Bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Bobbo ya ɗan motsa ya kai hannu bayan kunnensa, ya duba yatsansa, da jini. Tun da Indo take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yanki kan mutum wurin aski ba. Akwai maganganu cike da bakinta, amma babu ko ɗaya a ciki da ake faɗa wa uba, balle a gaban baƙo. Ta ce za su tafi Zariya, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ta tashi.

Gambo ta iske a tsakar gida yana wanke taɓon jikin mashin. Da ganin fuskarta ya san an warware ɗankwalin. Ya biyo ta har ƙofar ɗaki yana magana, wai ta cika ɗaga hankali, wai Baba babba ne, in ya ce zai yi abu wane ne shi da zai hana, wai ai taimako aka yi niyya. Ya ce ta jira ya sa riga ya kai su a mashin. Ta ɗauko katin daga ƙarƙashin kwalla, ta haɗa zani biyu da kayan yarinyar a leda.

"Kai ka je ka kira shi," ta ce. "Kai ka riƙe mata kai."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ta bi ta gefensa ta fita, ba ta jira mashin ɗin ba.

Motar Zariya ta cika da mutane da buhunan barkono, kowa na atishawa yana tsine wa direba. Indo ta ɗora Rumaisa a cinya duk da ta girmi ɗauka, ta sa hannu ta kare kan daga gwiwar hannun maƙwabta. Jikin yarinyar zafi rau. Wata dattijuwa da ke gefensu ta ga tudun da ke ƙarƙashin hijabin, ta ga jiƙar da ta fara fitowa, ta yi jaje, sannan ta ba da shawara kyauta irin ta cikin mota. Ta ce irin wannan ba na asibiti ba ne, a sami wanzami mai hannu ya fasa shi a huta, akwai wani a Likoro da ake yabo ƙwarai. Indo ta ce to, ta gode, ta juya fuska wajen taga.

Gonakin rake na wucewa kore shar. Ta fara nema wa mahaifinta uzuri, don haka zuciya take, ba ta son ta rasa uba da miji rana ɗaya. Tsufa ne. Ƙauna ce. Fatar ta miƙe ta yi siriri, hannunsa kuma fatar da ya saba da ita ya sani, ina zai san wannan? Wataƙila ma bai lura ya huda ba, tsagar ƙarama ce, ruwan ba shi da launi. Ta kusa shawo kan kanta sai Rumaisa ta ɗago ta ce tana jin ƙishi. Indo ta ce ta yi haƙuri, likita ta hana.

"Umma, ruwan da ke cikin kaina ana sha?"

"Ba a sha. Da gishiri."

"Kaka ya sha."

Indo ta dube ta. Yarinyar ta ba da labarin a hankali, idonta rabi a rufe. Ta ce da Kaka ya kafa ƙahon ya sa baki ya zuƙa, sai ya cire bakin da sauri ya tofar. Ya ce wa Abba gishiri. Abba ya ce ko a kira Malama Hafiza, Kaka ya ce a bari a gani zuwa safe, ya shafa magani. Abba ne ya ɗaura ɗankwalin.

Ashe sun sani. Tun la'asar ɗin jiya sun sani, rana na nan da sauranta, gidan Hafiza bai kai tafiyar minti goma ba, mashin na jingine a ƙofar gida. Bayan magariba Gambo ya kira ta a waya, tana tsakiyar kitsa ƙawayen amarya, ya tambaye ta biki, ya ce mata Rumaisa lafiya lau, ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ta tuna ta yi dariya. Kuskuren aska Indo za ta iya yafewa, hannu ne, kowa nasa na kuskurewa. Amma mutum biyun da ta fi amincewa da su a duniya sun zauna sun auna kunyarsu da kan 'yarta, suka ga kunyarsu ta fi nauyi. Hawaye ya zubo mata, dattijuwar ta ɗauka barkono ne, ta miƙo mata gefen mayafinta.

Azahar ta wuce kafin su isa. Nas ɗin sashen ta san su, ta tsallake da su layi, masu jira na gunaguni. Likita Farida ta fito daga wani aikin da hular tiyata a kanta. Ta kwantar da Rumaisa, ta yi mata wasa, ta ɗaga bandejin. Ta daɗe tana dubawa. Ta danna, wannan karon ruwan da ya fito ba garau ba ne, ya yi kauri ya yi fari-fari. Ta shinshina audugar. Sannan ta jawo kujera ta zauna gaban Indo, ta tambayi tun yaushe.

Indo ta ce tun la'asar ɗin jiya.

Likitar ta ajiye audugar. Ta ce ba za ta ɓoye mata ba. Fatar ta riga ta isa, ɗurin yau na ƙarin tabbaci ne kawai. Da jiya aka kawo ta, ko da daddare ne, da ta cire jakar ta yanke tabon ta jawo fatar a lokaci guda, hudar ba za ta hana komai ba. Amma yanzu garin da aka shafa da abin da ke bakin ƙahon sun shiga ciki sun kwana, mugunya ta fara taruwa a inda jakar take. Idan ta yanke tabon ta shimfiɗa fata mai ciwo a wurin, fatar za ta iya mutuwa, a rasa tabon a rasa gashin. Abin da za ta yi yau shi ne ta cire jakar ta wanke wurin, a ba ta magani.

"To fatar da ta miƙe fa, Likita?"

"Za ta koma. Ba duka ba, amma za ta koma."

Ta ce bayan shekara guda za a iya sake gwadawa, sai dai fatar da aka taɓa miƙawa ta yi ciwo takan yi tauri, ba za ta yi alkawarin da ta yi a farko ba. Rumaisa na kwance tana kallon fankar sama, kamar ba ta ji, sai can ta tambaya ko ran Litinin ɗin an fasa. Likitar ce ta ce an ɗaga, ba a fasa ba, yarinyar ta ce to, ta ci gaba da kallon fankar.

Likitar ta ɗauko fayil ɗin binciken. Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, ba don a kama kowa ba, sai don iyayen yaro na goma sha biyar. Ta ce ta karanta takardu sun fi ɗari a kan wannan aiki, na Turai da na Indiya da na Masar, an lissafa faɗuwa, an lissafa cizon ƙwaro da kuskuren allura, babu inda aka rubuta ƙaho, ita ma kuma da ta tashi a ƙasar nan bai zo mata a rai ta ambace shi da sunansa ba. Ta ce wannan kuskuren nata ne. Sannan ta tambayi wanda ya yi tsagar, wanzamin gari ne aka kai ta wurinsa?

Indo ta kalli biron likitar a tsaye a kan takardar. Da ta ce wani wanzami ne, da an rubuta an wuce. Da ta ce ba ta sani ba, ba wanda zai bi ta Likoro ya bincika. Haka aka rene ta, ka rufa wa naka asiri ko da kai ya cuta. Amma rufin asirin nan ne ya kwana a kan 'yarta tun jiya.

"Mahaifina ne," ta ce. "Wanda kika ba jakar ya riƙe. Ubanta kuma shi ya riƙe ta. Sun ga ruwan tun a lokacin."

Likitar ta rubuta ba ta ɗago ba, kuma Indo ta gode mata a ranta da ba ta ɗago ba.

Ana jiran a gyara ɗakin tiyata Gambo da Malam Ɗan'azumi suka iso. Ta hango su ta ƙofar ɗakin shiri, a barandar da masu jinya ke zama. Gambo na gaba, ƙafar wandonsa duk taɓo, yana tambayar kowa. Malam Ɗan'azumi na biye, ba babbar riga, da 'yar sharar da yake aski da ita, zabirar a rataye a kafaɗarsa don ya saba, ba ya fita ba ita. Gambo ya leƙo, ta kalle shi, ya koma da baya ya tsaya jikin bango. Nas ta fita ta sa shi ya sa hannu a takardar aiki, ta kuma gaya musu abin da likita ta ce, a taƙaice, ba ta sassauta ba. Tsohon ya zauna a bencin da ke fuskantar ƙofar. Indo ba ta fita gaishe shi ba.

Nas ta dawo da ƙaramin faranti, da ruwan sabulu da sabuwar reza a takardarta. Ta ce za a aske gashin da ke kewaye da tsagar, faɗin tafin hannu, kafin a shiga. Rumaisa na ganin ƙarfen ta zabura ta maƙale a jikin uwarta. Yarinyar da ta sha allura goma sha ɗaya a ka ba ta yi kuka ba, yanzu ta sa kuka, tana ture hannun nas ɗin, tana cewa kada a yanke ta. Nas ta yi lallashi, ta yi barazana, ta ce lokaci na tafiya, idan ba za ta tsaya ba sai a kira masu riƙewa.

Sai ga inuwa a bakin ƙofa. Malam Ɗan'azumi ne ya taso. Ya ce cikin murya ƙasa-ƙasa, ba ga 'yarsa ba, ga nas ɗin, a ba shi ya yi, ba da askarsa ba, da tasu. Ya ce shi ya yi mata askin suna, ko motsi ba ta yi ba, minti ɗaya ya ishe shi. Nas ta dubi Indo, don ita dai so take a gama.

"Koma ka zauna, Baba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma durƙusa ba. Gambo daga jikin bango ya ɗago kai. Tsohon ya tsaya kamar bai ji daidai ba, sannan ya ja da baya, ya koma bencin.

Indo ta wanke hannu, ta sa safar hannun da nas ta miƙo mata, ta karɓi rezar. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa yadda take yi in za ta yi kitso, ta kwantar da kan Rumaisa a cinyarta. Ta ce mata Umma ce, ba kowa ba ne. Kukan ya ragu ya koma shessheƙa. A gidan wanzami ta tashi, amma ba a taɓa barin ta ta riƙe aska ba, ba aikin mata ba ne. Ta shafa ruwan sabulun ta fara. Gashin mai laushi ne, baƙi wuluk, ya sha mai wata uku. Yana zubowa a kan zaninta, tana ture shi gefe da bayan hannu don kada yarinyar ta gani. Fatar ta saki, tana gudu a ƙarƙashin rezar, sau biyu Indo na tsayawa.

"Ja fatar da babban yatsa," muryarsa ta zo daga baranda, a hankali. "Ki kwantar da ƙarfen."

Ta ja fatar da babban yatsa, ta kwantar da ƙarfen, rezar ta tafi sumul. Sannan ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar ta rufe, ta ci gaba da askin.